Gwajin Gaggawa Na Ƙwayoyin Cuta A Naman Kaji: Yadda Yake Aiki Da Abin Da Yake Ci Wa Ɗan Kasuwa

Ranar 3 ga watan Disamba, 1988, ƙaramar ministar lafiya ta Birtaniya, Uwargida Edwina Currie, ta shaida wa wani gidan talabijin cewa galibin ƙwan da ake samarwa a ƙasar ya kamu da ƙwayar cutar salmonela. Cikin 'yan kwanaki cinikin ƙwai ya faɗi da kimanin kashi 60 cikin ɗari. An hallaka kaji wajen miliyan 4, an lalatar da ƙwai kusan miliyan 400, ita kuma ministar ta ajiye aiki ranar 16 ga watan. Abin da ya fi cutar da masu gidajen gona a wannan rikici shi ne rashin wata hanya da manomi zai bi ya nuna wa mai saye, a cikin yini ɗaya ko biyu, cewa nasa ƙwan lafiya lau ne. Mai tsabta da ƙazami duk kasuwa ta yi masu kuɗin goro. Sai da aka shekara goma, wato a 1998, sannan masana'antar ta fito da tambarin zaki da ake bugawa a jikin ƙwai, wanda ke nuna cewa an yi wa kajin allurar rigakafi kuma ana sa ido a kan gonar, kafin amincewar jama'a ta dawo sosai.

Wannan labari ya shafi duk wanda ke da jari a harkar kaji a Nijeriya, tun daga mai ƙyanƙyashe 'yan tsaki a Ibadan, da dillalin da ke lodin kiret-kiret na ƙwai zuwa Legas, har zuwa mai mayanka da ke kai wa otal-otal da manyan kantuna kaya a Abuja da Fatakwal. Manyan masu saye sun fara tambayar takardar gwaji kafin su karɓi kaya, kuma duk mai niyyar tsallake iyaka da hajarsa ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairu, 2021, zai tarar da wannan tambaya tana jiransa. Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana irin wannan a wani fannin: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da gwaji ya nuna ya wuce kima, ba ta kuma tsaya tantance wane ɗan kasuwa ne ya zuba, wane ne bai zuba ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 sun nuna cewa mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna rasa rayukansu. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka dubi yawan jama'a, da marasa lafiya miliyan 91 da mamata 137,000. A 2018 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suna asarar dala biliyan 110 a shekara, tsakanin kuɗin magani da ranakun aikin da suka salwanta.

Su wane ne ake nema

Ƙwayoyi uku suka fi damun masu harkar kaji. Ta farko ita ce salmonela, wadda ta samo sunanta daga wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Daniel Salmon, ko da yake mataimakinsa Theobald Smith ne ya ware ta a 1885. Tana da rassa fiye da 2,500, kuma sanin bambancinsu yana da amfani ga aljihu. Akwai rassa biyu da ke kashe kajin kansu, su ne masu kawo taifot ɗin kaji da farin zawon 'yan tsaki. Waɗannan manomi yana ganin ɓarnarsu da idonsa, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin taifot ɗin kaji. Akwai kuma rassan da ke zaune cikin hanjin kaza tana cin abincinta tana ƙiba kamar ba komai, alhali wanda ya ci namanta ko ƙwanta bai dahu ba zai kwana yana zawo da amai da zazzaɓi. Ɗaya daga cikinsu ma yakan shiga cikin ƙwai tun kafin ɓawon ya rufe, don haka wanke bayan ƙwai ba ya fid da shi. Shi kuwa taifot ɗin da ake yawan ambata a asibitocinmu wani reshe ne dabam wanda ba ya zama a jikin kowace dabba sai mutum, ana kuma ɗaukarsa ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. A Amurka kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana ƙiyasta cewa salmonela na kama mutum miliyan 1.35 a shekara, ta kwantar da 26,500 a asibiti, ta kashe 420.

Ta biyu ita ce kamfilobakta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin bakteriyar da ta fi kowace jawo ciwon ciki da zawo a duniya. Ta fi jin daɗin zafin digiri 42 a ma'aunin Salshiyas, wanda kusan shi ne zafin jikin kaza, shi ya sa hanjin kaza ya zame mata gida. Kimanin mutum ɗaya cikin dubu da ta kama yakan gamu da shanyewar gaɓoɓi bayan zawon ya wuce. Ta uku, listeriya, ta fi yin ɓarna a naman da aka sarrafa ake ci ba tare da an sake dafawa ba, kuma tana iya hayayyafa ko a cikin firji.

Babu ɗaya daga cikin ukun da ke sauya launin nama, ko warinsa, ko ɗanɗanonsa. Gwanin mahauci yana iya gane ruɓaɓɓen nama daga nesa, amma ba zai iya bambance kazar da ke ɗauke da salmonela da wadda ba ta ɗauke da ita ba. Haka kuma daskarar da nama a ƙanƙara ba ya kashe salmonela, dakatar da ita kawai yake yi. Da zarar wuta ta ɗauke kaya suka fara narkewa, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Idan yanayi ya yi mata daɗi, ƙwaya ɗaya takan rabu biyu kowane minti 20, wanda ke nufin cikin awa bakwai ɗaya ta zama fiye da miliyan 2. Mai karatu na iya auna wannan da tsawon lokacin da motar kajin ƙanƙara ke ɗauka a go-sulo ko a shingen bincike da rana tsaka.

Tsohuwar hanya da dalilin jinkirinta

Hanyar da aka gada, wadda har yau kotu da hukumomi suka fi yarda da ita, ita ce ta renon ƙwayar har ta yi yawan da ido zai gani. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6579 ta shimfiɗa matakanta. Ana yankar giram 25 na nama ko fatar wuya, a zuba cikin mililita 225 na wani romo na musamman, a ajiye a na'urar ɗumi mai kama da ta ƙyanƙyasar ƙwai, a zafin kimanin digiri 37, har awa 18. Amfanin wannan mataki shi ne farfaɗo da ƙwayoyin da sanyi ko ruwan wanki ya jigata. Kashegari sai a ɗebi ɗan kaɗan a zuba cikin wasu romuna biyu masu sinadaran da ke danne sauran bakteriya su bar salmonela ta yi girma, a sake jira awa 24. A rana ta uku a shafa romon a kan faranti mai daskararren abinci, a sake jira awa 24. Idan akwai salmonela, za a ga ɗigo-ɗigo masu baƙar tsakiya a kan farantin.

Idan ba a ga komai ba, cikin kwana uku zuwa huɗu an sallami mai kaya. Idan kuwa an ga ɗigon da ake zargi, tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai wasu bakteriya da ke kama da ita. Sai an ƙara kwana biyu ko uku ana tabbatarwa da gano reshenta. Ke nan ana maganar kwana biyar zuwa mako guda. Kamfilobakta ta fi haka wahala, don ba ta jure iskar da muke shaƙa, sai an rene ta cikin rufaffen tulu mai ƙarancin iskar oksijin, kuma sau da yawa takan mutu a hanya kafin samfurin ya isa ɗakin gwaji.

Ga inda matsalar kasuwanci take. Ɗanyen naman kaza da aka sanyaya ba a daskarar ba yana da kimanin mako guda ne kafin ya fara lalacewa. Mai mayanka yana da zaɓi biyu, kuma kowanne da ɗacinsa: ko ya riƙe kaya a ɗakin sanyi har sakamako ya fito, ko ya saki kaya ya yi fatan alheri, idan sakamako ya zo da matsala ya bi kantuna yana kwasowa, alhali rabi an riga an cinye.

A ɗauki misali don lissafi kawai. Kamfani yana yanka kaji 10,000 a rana, kowace kilo ɗaya da rabi bayan an fige an cire kayan ciki, wato tan 15 ke nan. A ƙaddara ana sayar da kilo a kan Naira 4,000. Kayan rana ɗaya sun kama Naira miliyan 60. Idan ana riƙe kaya kwana biyar, a kowane lokaci akwai tan 75 a ɗakin sanyi, na Naira miliyan 300. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, don haka ba a yi zuƙu ba idan aka ce bankin kasuwanci zai caji kashi 30. Ruwan Naira miliyan 300 a shekara shi ne miliyan 90. Idan gwajin gaggawa ya rage jiran zuwa kwana biyu, kayan da ke kwance sun koma na miliyan 120, ruwansu miliyan 36. Bambancin miliyan 54 ne a shekara, ba a sa kuɗin dizal na sanyaya ƙarin tan 45 ba, ba a kuma sa kuɗin gina ɗakin da zai ɗauke su ba. Wannan lissafi ne ya sa manyan kamfanonin kaji na duniya suka rungumi sababbin hanyoyin, tun kafin doka ta matsa masu.

Hanyoyin gaggawa

Sababbin hanyoyin ba sa jiran ƙwayar ta fito fili, wata alama tata suke nema. Sun kasu gida biyu manya.

Gida na farko yana amfani da sinadaran garkuwar jiki, waɗanda aka tsara su manne wa fatar salmonela kaɗai. Mafi sauƙinsu ɗan tsinke ne mai kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro ko na juna biyu: a ɗiga romo, a jira minti 15 zuwa 20, layi biyu su fito ko ɗaya. Yana da araha, ba ya buƙatar wuta, kuma ƙaramin ma'aikaci yana iya koyonsa a yini guda. Rauninsa shi ne sai ƙwayoyin sun kai dubu ɗari zuwa miliyan a kowace mililita kafin ya gan su. Yayansa shi ne gwajin Elisa, wanda aka ƙirƙiro a 1971, inda launin ruwa ke sauyawa na'ura ta karanta; kamfanin bioMérieux na Faransa yana da injin VIDAS da ke yin wannan aiki da kansa.

Gida na biyu yana neman sinadarin gado na ƙwayar, wato DNA. Jigonsa shi ne gwajin PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ya kuma sami kyautar Nobel saboda shi a 1993. Jama'a da yawa sun fara jin sunansa ne a lokacin annobar korona ta 2020. Yadda yake aiki shi ne, ana zaɓar wani ɗan yanki na gadon da salmonela kaɗai ke da shi, sai injin ya riƙa ɗumama ruwan yana sanyayawa, a kowane zagaye yankin yana ninkuwa biyu. Zagaye 30 yana mai da ɗaya ta zama fiye da biliyan guda, a cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma injinan zamani suna nuna ƙaruwar a allon kwamfuta tana cikin faruwa. Injin BAX, wanda kamfanin DuPont ya fito da shi a shekarun 1990, yana cikin na farko da suka kai wannan fasaha masana'antar abinci. Ana iya tsara gwaji ɗaya ya nemi salmonela ya kuma faɗi ko tana cikin rassan nan biyu da Turai ta fi tsananta wa.

A shekarar 2000 masana a Japan, ƙarƙashin Tsugunori Notomi, suka bayyana wata hanya mai suna LAMP, wadda ke ninka gadon a zafi guda ɗaya, tsakanin digiri 60 da 65, cikin ƙasa da awa guda. Tun da ba ta buƙatar hawa da saukar zafi, injinta ƙarami ne mai sauƙin kuɗi, wasu ma batir ke tafiyar da su. Idan aka dubi halin wutar lantarki da tsadar gyaran injina a ƙasar nan, wannan hanya ta fi dacewa da matsakaicin ɗakin gwaji a Ibadan ko Kaduna fiye da manyan injinan da sai an ɗauko injiniya daga waje in sun lalace.

To amma a nan akwai abin da masu tallar injina ba su cika faɗa da ƙarfi ba. Awa ɗaya ko biyun da ke rubuce a takardar talla lokacin da injin ke aiki ne kawai. Doka tana neman a tabbatar babu ko ƙwaya ɗaya cikin giram 25, injin kuwa ɗigon da bai kai kan allura ba yake ɗauka. Kafin a yi sa'ar ƙwaya ta faɗo cikin wannan ɗigo, dole sai an rene ta a romo ta yi yawa, wanda ke cin awa 16 zuwa 24 a yawancin hanyoyin. Saboda haka "gaggawa" a wannan fanni tana nufin kashegari. Duk wanda ya yi wa ɗan kasuwa alkawarin tabbatar masa da tsabtar ɗanyen nama kafin a gama lodin mota, to a tambaye shi yadda ya tsallake wannan mataki.

Akwai wasu fasahohi biyu da ba na yau da kullum ba ne ga mai mayanka, amma ya kamata ya san da su. Ɗaya inji ne da ke harba haske kan ɗigon da ya tsiro a faranti ya faɗi sunan ƙwayar cikin mintuna. Ɗayar ita ce karanta dukkan gadon ƙwayar daga farko har ƙarshe, wanda ke nuna ko ƙwayar da aka samu a jikin mara lafiya ita ce wadda ke cikin magudanar ruwan wata masana'anta. Da wannan hanya aka warware annobar listeriya ta Afirka ta Kudu a 2017 da 2018, inda mutum 1,060 suka kamu, 216 suka rasu. Ranar 4 ga Maris, 2018, ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya sanar cewa an gano tushen a sarrafaffen nama irin na tsiran turawa da masana'antar Enterprise ta kamfanin Tiger Brands ke yi a Polokwane. Ƙasashe maƙwabta suka rufe ƙofa ga naman da aka sarrafa daga can, har da na kamfanonin da ba su da hannu.

Abin da takardar sakamako ba ta faɗa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takarda mai cewa "ba a samu ba" a matsayin wanke kaya gaba ɗaya. Takardar tana magana ne a kan giram 25 ɗin da aka kai, ba a kan tan 15 ba. Lissafin mai sauƙi ne. Idan kaza ɗaya cikin goma ce ta gurɓata, aka ɗauki samfuri biyar, damar a kama matsalar kashi 41 ne cikin ɗari. Idan ɗaya cikin ɗari ce, damar ba ta kai kashi 5 ba. Kafin a sami tabbacin kashi 95 na kama gurɓatar da ta shafi kaza biyar cikin ɗari, sai an ɗauki samfuri kusan 60. Idan ɗaya cikin ɗari ce, kusan 300. Inji mafi tsada a duniya ba ya sauya wannan lissafi.

Haka kuma gwaji yakan yi ƙarya ta ɗaya gefen. A ƙaddara cikin lodi 1,000, goma ne suka gurɓata, gwajin kuma yana kuskuren zargin mai tsabta sau biyu cikin ɗari. Zai kama goman nan ko tara daga ciki, amma zai kuma zargi wajen 20 daga cikin lodi 990 masu tsabta. Ke nan cikin kowane ƙararrawa uku, biyu na banza ne. PCR yana da wata matsalar tasa, domin yana iya karanta gadon ƙwayar da ta riga ta mutu. Shi ya sa ƙa'idar aiki ita ce: idan gwajin gaggawa ya ce babu, a saki kaya; idan ya ce akwai, a riƙe kaya a tabbatar ta tsohuwar hanya kafin a zubar da dukiya. Tsohuwar hanyar ce kuma ke ba da rayayyar ƙwaya a hannu, wadda da ita ake gane maganin da ke kashe ta da wanda ya daina. Wannan ba ƙaramin batu ba ne a ƙasar da ake sayen maganin kaji a kasuwa ba tare da takardar likita ba, ana zuba shi a ruwan sha tun 'yan tsaki suna kwana ɗaya. Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙiba tun 2006.

Sai kuma batun amanar ɗakin gwajin kansa. Barazil tana kan gaba a duniya wajen fitar da naman kaji. A watan Maris na 2018 'yan sandan ƙasar suka bayyana bincike kan zargin cewa wasu ɗakunan gwaji da ke yi wa kamfanin BRF aiki suna sauya sakamakon salmonela don kaya su wuce. Wata guda bayan haka Tarayyar Turai ta cire masana'antu 20 na Barazil daga jerin waɗanda aka yarda su kai mata nama. Saboda haka ɗan kasuwa ya tambayi ɗakin gwajin da zai ba aiki ko yana da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025, ko shaidar ta ƙunshi gwajin salmonela a nama musamman, ko kuma hanyar gaggawar da yake amfani da ita an gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar a kan irin wannan samfuri. Hanyar da aka tabbatar a kan madara ba lallai ta yi daidai a kan fatar kaza ko kashin kaji ba, saboda kitse da datti suna dagula injin.

A ina ya fi riba a gwada

Tun da gwajin naman da aka gama shiryawa yana da wannan rauni, ƙasashen da suka ci nasara sun mai da hankalinsu baya, zuwa gona. Suwidin ta fara nata tsarin bayan annobar garin Alvesta ta 1953, wadda ta kama kusan mutum 9,000 ta kashe 90, kuma a yau tana cikin ƙasashen da salmonela ta fi ƙaranci a kajinsu. A Tarayyar Turai ana gwada kowane garken kajin nama cikin makonni uku kafin yanka. Hanyar ɗaukar samfurin ba ta da wuya: ma'aikaci ya sa wata safa mai laima a kan takalminsa, ya zagaya ɗakin kajin, ya cire safar ya aika ɗakin gwaji. Safa biyu sun tattaro kashin dubban kaji, abin da samfurin nama ɗari ba zai yi ba. Garken da aka samu da cutar sai a yanka shi a ƙarshen yini, ko a kai namansa inda za a dafa shi, don kada ya gurɓata ruwan figa da wuƙaƙe da ƙugiyoyin da sauran za su bi. A nan ne saurin sakamako ya fi yin rana, domin kazar nama makonni shida zuwa takwas take yi, kuma kowace ranar jira abinci take ci.

Amurka ta bi ta wata hanyar. Bayan da naman shanu na shagunan Jack in the Box ya kashe yara huɗu ya kwantar da fiye da mutum 700 a 1993, gwamnati ta kafa dokar 1996 da ta tilasta wa mayanka gano wuraren haɗari a aikinsu da sa masu ido, tare da gwajin salmonela. Duk da haka a 2010 an janye ƙwai fiye da miliyan 500 daga gonaki biyu a jihar Ayowa bayan kusan mutum 2,000 sun kamu, daga baya aka yanke wa mai ɗaya daga cikin kamfanonin da ɗansa ɗaurin wata uku-uku. A 2024 ma'aikatar gona ta ƙasar ta gabatar da daftarin da zai hana sayar da ɗanyen naman kajin da salmonelarsa ta wuce wani adadi, amma aka janye shi a watan Afrilu na 2025.

A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda Dokar Soja mai lamba 15 ta 1993 ta kafa, tana da ɗakunan gwaji a Oshodi da Kaduna da wasu wurare, ga cibiyar Vom, ga tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Ibadan da Nsukka. Annobar korona ta bar injinan PCR a jihohi da dama tare da ma'aikatan da suka iya sarrafa su. Tsadar tana wajen sinadaran gwajin, waɗanda daga waje ake sayo su da dala, suna buƙatar sanyi, kuma suna da ranar lalacewa. Inji ba ya biyan kuɗinsa sai samfura suna shigowa kullum. Mai kaji dubu biyu da ya sayi nasa zai tarar rabin sinadaran sun lalace a firji. Abin da ya fi masa shi ne reshen Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji na jiharsa ya ƙulla yarjejeniya da ɗakin gwaji ɗaya, a riƙa tattara samfura a rana ɗaya cikin mako, kuɗin kowane samfuri ya sauko. Wurin da kowace Naira ta gwaji ta fi yin aiki kuwa shi ne gidajen ƙyanƙyasa da injinan haɗa abincin kaji, domin garken iyaye ɗaya mai cutar yana iya raba ta ga ɗaruruwan gonaki ta hanyar 'yan tsaki, haka ma buhun garin kifin da ɓeraye suka yi wa fitsari da kashi.

Babban kason kajin ƙasar nan dai har yanzu da ransu ake sayar da su, a yanka a fige a bakin kasuwa, sau da yawa cikin ruwan zafi ɗaya tun safe har yamma. Ga kuma kajin ƙanƙara na fasa-ƙwauri da ke shigowa ta iyakar Benin duk da haramcin da aka sa tun farkon shekarun 2000, waɗanda ba su da takarda ko ɗaya. Waɗannan babu gwajin da ke isa gare su. Abin da ke tsaye tsakaninsu da mai ci shi ne wuta: zafin digiri 74 a tsakiyar tsoka yana kashe dukkan ƙwayoyin nan uku. Mai otal ko mai gasa kaji da ya kai namansa wannan zafi ya fita, muddin wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza ba su ne za su yanka albasa da kabejin da za a zuba a kai ba.